Agogo Ya Ce Jiki Ya Huce: Yadda Ake Auna Natsuwar Sabon Mai Meditashin

Agogunan hannu na zamani da yawa, irin su na Garmin da Samsung da Fitbit da Huawei da Xiaomi, suna da shafin da ke nuna lambar damuwa. Apple Watch kuma tun shekarar 2016 yake da manhajar da ke tunatar da mai shi ya dakata ya yi numfashi na minti ɗaya. A wayoyi ma akwai manhajoji kamar Calm da Headspace da ke koyar da meditashin, wato zaman tattara hankali wuri ɗaya, kuma cikakken amfani da su sai an biya kuɗin wata ko na shekara.

Wanda ya fara wannan zama a makon farko yakan kalli agogonsa da zarar ya buɗe ido. Idan lambar ta sauko sai ya ce abin yana aiki. Idan ba ta motsa ba, ko ta ƙara hawa, sai ya ce ɓata lokaci ne ya daina. Duka biyun na iya zama kuskure, domin abin da agogon ke aunawa ɗan yanki ne kawai na abin da masana ke nufi da hucewar jiki, kuma jikin sabon shiga ba ya amsawa kamar na wanda ya shekara goma yana yi.

Inda maganar ta samo asali

A farkon ƙarni na 20, wani masanin aikin jiki a Jami'ar Harvard da ke Amurka, Walter Cannon, ya bayyana abin da ke faruwa idan mutum ko dabba ta ga haɗari. Zuciya takan ƙara gudu, numfashi ya yi sauri, jini ya hau, tsoka ta ɗaure, jiki ya shirya ko dai faɗa ko gudu. Wani sashe na jijiyoyin jiki ne ke wannan aiki ba tare da mutum ya ba shi umarni ba. Akwai kuma sashe na biyu da ke taka wa na farkon birki, kuma babbar hanyarsa ita ce wata doguwar jijiya da likitoci ke kira vagus, wadda ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta ratsa zuwa zuciya da huhu da hanji.

A ƙarshen shekarun 1960, wasu masu yin wani nau'in meditashin da ya fito daga Indiya suka je wurin Herbert Benson, likitan zuciya a Harvard, suka ce suna iya saukar da jininsu da wannan zama, ya auna su ya gani. A daidai lokacin, Robert Keith Wallace yana irin wannan bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, kuma ya wallafa sakamakonsa a mujallar Science a 1970. Daga baya suka haɗa kai, suka fitar da rahoto tare a 1971.

Sun sa wa mutanen abin rufe fuska mai auna iskar oksijin da jiki ke ƙonawa, sun ɗibi jininsu, sun liƙa musu wayoyi a kai da fata. Abin da suka gani shi ne yawan oksijin da jiki ke amfani da shi ya sauko, numfashi ya lafa, bugun zuciya ya ragu, sinadarin laktet a jini ya yi ƙasa. Benson ya rubuta cewa oksijin ɗin kan ragu da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari a 'yan mintunan farko, alhali a barci raguwar ba ta wuce kusan kashi 8 ba, ita ma sai bayan sa'o'i huɗu ko biyar. A 1975 ya fitar da littafinsa The Relaxation Response, inda ya ce wannan yanayi kishiyar wanda Cannon ya bayyana ne.

Benson ya rage abin zuwa matakai biyu. Na farko, maimaita wata kalma ko addu'a ko bin numfashi. Na biyu, idan wani tunani ya kutso, a bar shi ya wuce ba tare da kokawa da shi ba, a koma ga maimaitawar. Ya ba da shawarar minti 10 zuwa 20, sau ɗaya ko biyu a rana. Ya kuma nuna cewa ba sai an ɗauki aƙidar wani ba: kowa zai iya zaɓar kalmar da ta dace da imaninsa, shi kansa ya yi gwaji da kalmar Turanci mai ma'anar "ɗaya".

Me ya sa sabon shiga ya fi wuyar aunawa

Mutanen da Benson da Wallace suka fara aunawa sun saba da zaman. Sabon shiga kuwa yana fama da abubuwa da yawa a lokaci guda: ƙafa ta yi masa tsami, yana tunanin ko yana yi daidai, yana jiran ƙarar agogo, wani lokacin ma gyangyaɗi ya ɗauke shi.

Barcin nan ba ƙaramar matsala ba ce ga masu bincike. A 1976 mujallar Science ta wallafa wani ɗan ƙaramin bincike da ya auna igiyoyin ƙwaƙwalwar mutum biyar da suka ƙware a meditashin, aka ga sun shafe wani babban kaso na zaman suna barci. A 1984 kuma masanin halayyar ɗan Adam David Holmes ya tattara gwaje-gwajen da aka yi, ya ce bai ga hujjar cewa meditashin ya fi zama shiru ido a rufe saukar da jiki ba. An yi ta muhawara a kan wannan matsaya tasa, amma ta bar darasi ɗaya da ake bi har yau: duk wanda ya zauna ya daina motsi, bugun zuciyarsa zai sauko. Kafin a ce meditashin ne ya yi aikin, sai an kwatanta da zaman banza na tsawon lokaci ɗaya.

Akwai kuma saɓani tsakanin abin da mutum ke ji da abin da jikinsa ke yi. A 2014, David Creswell da abokan aikinsa a Jami'ar Carnegie Mellon sun raba matasa 66 gida biyu. Rukuni ɗaya ya koyi meditashin na minti 25 a rana har kwana uku, ɗayan kuma aka ba shi wani aikin tunani daban. Daga nan aka sa kowa ya yi jawabi da lissafin ka a gaban alƙalai masu ɗaure fuska. Waɗanda suka koyi meditashin sun ce ba su ji matsi sosai ba, amma da aka auna yawunsu sai aka ga sinadarin kotisol, wanda jiki ke fitarwa lokacin damuwa, ya fi na ɗaya rukunin hawa. Masu binciken sun fassara hakan da cewa a kwanakin farko zaman kansa aiki ne mai cin ƙarfi.

Idan aka ba abin lokaci, hoton yakan canja. A 2008 cibiyar da Benson ya kafa a asibitin Massachusetts General ta wallafa bincike a mujallar PLoS ONE, inda aka ɗibi jinin sababbin shiga kafin horo da kuma bayan mako takwas, aka kwatanta da na waɗanda suka daɗe suna yi. An ga sauyi a yadda ɗaruruwan ƙwayoyin gado ke aiki, kuma wasu daga cikin sauye-sauyen sun yi daidai da na tsofaffin hannu. Mutanen da aka auna kaɗan ne, kusan ashirin a kowane rukuni, don haka ba a gina babban hukunci a kansa. Abin lura shi ne ma'aunin lokacin: makonni takwas, ba zama ɗaya ba.

Abin da agogo ke gani a zahiri

A bayan agogon akwai 'yan ƙananan fitilu masu hasken kore. Jini yana shanye wannan haske. Duk lokacin da zuciya ta buga, jini ya ƙaru a jijiyoyin wuyan hannu, hasken da ke dawowa ga idon na'urar sai ya ragu. Daga wannan hawa da sauka agogon ke ƙirga bugun zuciya. Manhajojin waya da ke cewa a ɗora yatsa a kan kyamara da fitilarta su ma haka suke aiki.

Daga nan ake fitar da ma'auni na biyu, wanda ake gani a manhajoji da sunan HRV, wato bambancin tazarar da ke tsakanin bugu da bugu. Zuciyar da ke bugawa sau 60 a minti ba ta buga kowane sakan ɗaya cif. Wata tazarar za ta zo milisakan 950, ta gaba 1,040, ta gaba 990. Idan jiki yana cikin natsuwa kuma jijiyar vagus na riƙe da birki, bambancin kan yi yawa. Idan mutum ya firgita ko ya gaji ko yana zazzaɓi, bugun kan daidaita kamar na inji, HRV ya yi ƙasa. Lambar damuwa da yawancin agoguna ke nunawa daga nan take fitowa. Garmin, misali, yana amfani da ma'auni daga 0 zuwa 100, inda 0 zuwa 25 ke nufin hutu, 76 zuwa 100 kuma damuwa mai yawa.

Kamfanonin ba hanya ɗaya suke bi wajen lissafin ba. Apple yana amfani da lissafin da ake kira SDNN, Fitbit da Oura da Whoop kuma suna amfani da RMSSD. Shi ya sa ba a kwatanta lambar agogon wani kamfani da ta wani. Ba a kuma kwatanta ta mutum da ta abokinsa, domin shekaru da gado da motsa jiki duk suna sa HRV ya bambanta ƙwarai tsakanin mutane biyu masu lafiya.

Wasu na'urorin sun ƙara wasu ma'aunai. Fitbit Sense da ya fito a 2020 yana auna yadda lantarki ke ratsa fata, wanda ke ƙaruwa idan ɗan gumin da ido ba ya gani ya fito. Muse, abin ɗaura wa kai da wani kamfanin Kanada ya fitar a 2014, yana karanta igiyoyin lantarkin ƙwaƙwalwa ta goshi da bayan kunne, ya mayar da su sauti a kunnen mai zaman. Idonsa kaɗan ne idan aka kwatanta da na'urar asibiti, kuma ƙifta ido ko cije haƙora na iya ɓata karatun.

Babban ma'aunin da Benson ya dogara da shi, wato yawan oksijin da jiki ke ƙonawa, babu agogon da ke auna shi kai tsaye. Lambar SpO2 da ake gani a agogo wani abu ne daban: tana nuna yadda jini ya cika da oksijin, kuma a jikin mai lafiya ba ta wani motsi don ya zauna ya natsu. Kotisol ma sai ɗakin gwaji.

Yaya ingancin lambobin yake?

A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada na'urorin hannu bakwai a jikin mutum 60. Shida daga ciki sun auna bugun zuciya da kuskuren da bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Amma da aka zo lissafin kuzarin da jiki ya ƙona, wadda ta fi kowacce ƙoƙari ta kauce da kashi 27, mafi muni kuma da kashi 93. Abin da na'ura ta auna kai tsaye ya fi abin da ta ƙiyasta inganci, kuma lambar damuwa ƙiyasi ce.

Wani bincike daga Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, wanda ya fito a 2025, ya bi matasa kusan 800 da ke sanye da Garmin Vivosmart 4 har tsawon wata uku, ana tambayarsu sau huɗu a rana yadda suke ji. Alaƙar da ke tsakanin lambar damuwar agogo da damuwar da suka ce suna ji kusan babu ita. Dalilin a fili yake: zuciyar mai murna da ta mai fargaba duk gudu suke yi, agogo kuma ba ya iya bambance su.

Batun launin fata ma ya shafi masu baƙar fata kai tsaye, domin sinadarin melanin yana shanye hasken kore. Wani bincike na Jami'ar Duke a 2020 da mutum 53 bai ga bambancin a zo a gani tsakanin launukan fata wajen auna bugun zuciya ba, sai dai ya ga kuskure yana ƙaruwa idan mutum na motsi. Wasu masana sun soki binciken da cewa masu duhun fata sosai ba su da yawa a cikinsa. A ɓangaren na'urar auna oksijin ta yatsa kuwa, binciken Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna tana kasa gano ƙarancin oksijin a jikin baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da fararen fata. Abin da ke taimakawa a aikace shi ne a ɗaure agogon ya kama fata da kyau, a ɗan matsa shi sama da ƙashin wuyan hannu, a kuma bar hannun a ajiye. Wanda ke son HRV mafi inganci, abin ɗaura wa ƙirji kamar Polar H10 ya fi, domin shi lantarkin zuciya yake karantawa, babu ruwansa da haske.

Numfashi na iya ruɗar da ma'auni

Zuciya takan ƙara sauri kaɗan idan an shaƙi iska, ta rage idan an fitar. Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti idan yana hutawa. Idan ya rage zuwa kusan sau shida a minti, wato sakan biyar shiga sakan biyar fita, wannan hawa da sauka na bugun zuciya yakan kai ƙololuwa, HRV ya tashi nan take.

A 2001 Luciano Bernardi da abokan aikinsa daga Italiya sun wallafa bincike a mujallar likitoci ta BMJ da mutum 23. Sun ga maimaita addu'ar carbin Katolika da harshen Latin, da kuma maimaita kalmomin yoga, duka sun rage numfashi zuwa kusan sau shida a minti ba tare da an ce wa mutanen su rage ba, kuma HRV ya ƙaru.

Wannan abu ne mai kyau ga jiki, amma yana nufin sabon shiga zai iya ganin lamba mai kyau tun ranar farko saboda numfashi kawai, alhali hankalinsa yana can wurin bashi ko jarrabawa. Haka kuma wanda ya tattara hankalinsa sosai bai canja numfashi ba zai iya ganin lambar ba ta motsa ba.

Wani gwaji na Stanford da ya fito a 2023 ya ba mutum fiye da ɗari aikin minti biyar a rana na tsawon wata guda, wasu meditashin, wasu salon numfashi daban-daban, ana bin su da abin hannu na Whoop. Duk rukunan sun ce yanayin ransu ya gyaru, kuma masu jan numfashi su fitar a hankali sun fi samun sauƙi, numfashinsu na yau da kullum ma ya lafa. Amma HRV da bugun zuciya na lokacin hutu ba su nuna wani sauyi mai ƙarfi ba a cikin watan.

Yadda za a gwada a gida

Wanda ke son sanin ko zaman yana taɓa jikinsa zai iya shirya ɗan gwajin da ya fi kallon lambar damuwa ma'ana.

A fara da mako guda ba tare da meditashin ba. Kowace safiya, a lokaci ɗaya, kafin shayi ko kofi ko goro, a zauna minti biyar a rubuta bugun zuciya da HRV. Minti biyar ne tsawon da ƙa'idar masana zuciya ta 1996 ta tsayar don gajeren awon HRV. Wannan makon shi ne mizanin da za a riƙa komawa gare shi.

A mako na biyu a riƙa musanyawa: yau meditashin na minti goma, gobe zaman shiru na minti goma, kujera ɗaya, lokaci ɗaya. Kafin kowane zama da bayansa a rubuta abu uku: bugun zuciya, yawan numfashi a minti ɗaya, da makin da mutum ya ba kansa daga 0 zuwa 10 kan yadda yake jin matsi. Numfashin da makin ba sa buƙatar wata na'ura.

A kuma rubuta abin da zai iya ɓata lissafi. Zafin rana, ƙishirwa, azumi, ƙarancin barci, sigari da motsa jiki mai tsanani a jiya duk suna taɓa bugun zuciya da HRV. Zazzaɓi ma haka: ƙaruwar zafin jiki da digiri ɗaya kan ƙara bugun zuciya da kusan goma a minti, don haka awon da aka yi cikin zazzaɓin cizon sauro a ajiye shi gefe.

Kada a yanke hukunci da rana ɗaya. A duba matsakaicin mako, a kuma ba abin mako shida zuwa takwas. Lokacin zaman kansa a rufe sanarwar waya, a bar kallon agogo sai an gama, domin leƙen lambar ma kan tayar da bugun zuciya.

Iyakar abin

A 2014 mujallar JAMA Internal Medicine ta wallafa nazarin gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutum 3,515. An samu matsakaiciyar hujja cewa meditashin na rage fargaba da baƙin ciki da raɗaɗin ciwo, amma ba a ga hujjar cewa ya fi magani ko motsa jiki ba. Wani nazari na 2020 da Miguel Farias ya jagoranta ya gano kusan mutum 8 cikin ɗari sun gamu da wata illa, mafi yawa ƙaruwar fargaba ko baƙin ciki. Wanda zaman ke jefa shi cikin firgici ko ke tono masa mugun abin da ya taɓa faruwa da shi, ya dakata ya nemi likita ko masanin lafiyar ƙwaƙwalwa.

Mai hawan jini kuma kada ya bar maganinsa don agogo ya nuna masa kore. Hawan jini yakan daɗe ba tare da wata alama ba, kuma na'urar da ake ɗaurawa a dantse ce ke tabbatar da shi. Haka nan idan bugun zuciya a lokacin hutu yana wuce 100 a kai a kai, ko yana tsalle-tsalle, ko yana zuwa da jiri da ciwon ƙirji, asibiti ya kamata a nufa.

Kafin a sauke kowace manhajar auna HRV, a duba izinin da take nema da kuma inda take ajiye bayanan lafiyar mai ita, domin da yawa suna tura su zuwa rumbun kamfani ta intanet. Wanda bai da agogo ma bai rasa komai ba wajen farawa: yatsa biyu a wuyan hannu, a ƙirga bugu na sakan 30 a ninka biyu, a rubuta a littafi ko a waya kowace safiya.